Ƙwallon Tebur da Buɗe Ƙofa Tsakanin Sinawa da Amurkawa

Shirin musamman na yau zai duba yadda zumunci ya ƙullu tsakanin jama'ar ƙasar Sin da jama'ar Amurka, ta hanyar abin da masana hulɗar ƙasa da ƙasa suke kira diflomasiyyar jama'a, wato cuɗanyar da ɗalibai da 'yan wasa da 'yan kasuwa da makaɗa suke yi a tsakaninsu, wadda takan share wa jakadu hanya a lokacin da shugabanni suke jin nauyin fara miƙa wa juna hannu.

Wannan cuɗanya ta girmi kundin tsarin mulkin Amurka kansa, domin tun a shekarar 1784 wani jirgin ruwan fatake ya tashi daga New York ɗauke da saiwar jinsen, wadda Sinawa suke haɗa magani da ita, ya sauka a Guangzhou, ya komo da ganyen shayi. A 1854 Yung Wing ya zama Basine na farko da ya kammala jami'a a Amurka, kuma shi ne ya shawo kan masarautar ƙasarsa ta tura yara 120 karatu can daga 1872. Sai dai tarihin yana da ɗacinsa, domin dubban leburorin Sin da suka fasa duwatsu wajen shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta a 1869, su ne aka saka wa da dokar 1882 wadda ta hana leburori 'yan ƙasarsu shiga Amurka, dokar da ba a soke ta ba sai a 1943, lokacin da ƙasashen biyu suke yaƙi da Japan a ɓangare guda.

Bayan da 'yan kwaminis suka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, Amurka ta ci gaba da ɗaukar gwamnatin da ta koma tsibirin Taiwan a matsayin halastacciyar gwamnatin Sin, sannan sojojin ƙasashen biyu suka gwabza a yaƙin Koriya tsakanin 1950 da 1953. Daga nan sai aka shiga shekaru kimanin ashirin ba a ga maciji da juna: babu ciniki, babu ziyara, kuma fasfon Amurka bai halasta wa mai riƙe da shi zuwa Sin ba. Jakadun ɓangarorin biyu sun zauna sama da sau 130, da farko a Janiba, daga baya a Warsaw, ba tare da wani abin kirki ya fito ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne arangamar da sojojin Sin da na Tarayyar Sobiyet suka yi a kan iyaka a watan Maris na 1969, wadda ta sa jagoran Sin Mao Zedong ya fara ganin maƙwabcinsa na arewa ya fi Amurka haɗari, a daidai lokacin da shugaba Richard Nixon yake neman hanyar fita daga yaƙin Vietnam. Kowane ɓangare yana son magana, amma kowanne yana tsoron ya fara a yi masa kunnen uwar shegu a bainar jama'a. A ranar 1 ga Oktoba 1970 Mao ya tsayar da ɗan jaridar Amurka Edgar Snow kusa da shi a dandalin Tiananmen domin Washington ta gane inda aka nufa, amma Henry Kissinger, mai ba Nixon shawara kan tsaro, ya amsa daga baya cewa ba su fahimci wannan ishara ba.

A watan Afrilu na 1971 ne faɗuwa ta zo daidai da zama, a birnin Nagoya na Japan, inda ake gasar ƙwallon tebur ta duniya karo na 31. Wani matashin ɗan wasan Amurka mai shekara 19, Glenn Cowan, mai dogon gashi irin na samarin zamanin, ya makara bayan atisaye, motar tawagarsu ta bar shi, sai ya faɗa cikin motar 'yan wasan Sin, waɗanda aka gargaɗe su da kada su kula Amurkawa. Motar ta yi tsit na wasu mintoci, kafin Zhuang Zedong, wanda ya ci kambun duniya sau uku, a 1961 da 1963 da 1965, ya taso daga kujerar baya, ya gaishe shi ta bakin tafinta, ya miƙa masa wani ƙyallen siliki da aka saƙa hoton duwatsun Huangshan a jikinsa. Cowan ya lalubi jakarsa bai sami abin ramawa ba sai matajin kai, abin da ya ga bai dace ya bayar ba, don haka sai daga baya ya sayo riga ya kai wa Zhuang. Da suka sauka daga motar 'yan jarida suna tsaye da kyamarori, kuma washegari hoton mutanen biyu ya cika jaridun Japan.

Ma'aikatar harkokin wajen Sin ta riga ta ba da shawarar cewa lokacin gayyatar Amurkawa bai yi ba, amma Mao ya sauya ra'ayi gab da rufe gasar, ya ce a gayyace su. Ranar 10 ga Afrilu 'yan wasa tara da jami'ansu suka taka ƙafa a kan gadar da ta haɗa Hong Kong da babban yankin Sin, kuma ranar 14 ga watan firaminista Zhou Enlai ya karɓe su a Babban Zauren Jama'a da ke Beijing, ranar da Nixon ma ya ba da sanarwar sassauta takunkumin ciniki. A wasannin sada zumuncin da aka buga, ƙwararrun Sin, waɗanda suka fi baƙinsu nesa ba kusa ba, sun riƙa sassauta hannu domin baƙo ya sami abin komawa da shi gida.

Sinawa sukan ce ƙaramar ƙwallo ce ta motsa babbar ƙwallo, suna nufin duniya, kuma maganar tana da daɗin ji, amma mai nazari ba zai ɗauke ta hannu bibbiyu ba, domin tun kafin Cowan ya shiga motar nan saƙonni suna kai da komo a asirce ta hannun shugaban Pakistan Yahya Khan. Amfanin ƙwallon tebur shi ne ta ba kowace gwamnati damar gwada zuciyar jama'arta ba tare da ta zubar da girma ba, domin idan abin ya ɓaci sai a ce ai wasa ne kawai. Da Amurkawa suka karɓi labarin da murna, sai Kissinger ya je Pakistan a watan Yuli, ya fake da ciwon ciki, ya sulale zuwa Beijing. A watan Oktoba Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Beijing kujerar Sin da ƙuri'a 76, cikinsu har da ta Najeriya da ta ƙasashen Afirka da dama, sannan Nixon ya sauka a Sin ranar 21 ga Fabrairu 1972, ziyarar da ta ƙare da sanarwar Shanghai, inda kowane ɓangare ya rubuta matsayinsa a kan Taiwan ba tare da an tilasta musu daidaitawa ba.

Duk da haka ba a ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci ba sai ranar 1 ga Janairu 1979, zamanin Jimmy Carter da Deng Xiaoping, kuma a shekaru bakwai na tsakani, tun da zumunta a ƙafa take, jama'a ne suka riƙe igiyar. 'Yan wasan Sin sun rama ziyara a watan Afrilu na 1972 ƙarƙashin jagorancin Zhuang, a watan da aka kai wa gidan namun daji na Washington kyautar panda guda biyu, wato dabbar nan mai launin fari da baƙi da ke cin gora, sannan ƙungiyar makaɗan Philadelphia ta yi wasa a Beijing a 1973. Mafi tasiri a cikin duka shi ne karatu: a watan Disamba na 1978 masana 52 ne suka tashi daga Beijing zuwa jami'o'in Amurka, amma zuwa zangon 2019 zuwa 2020 ɗaliban Sin da ke can sun haura 370,000.

Irin wannan zumunci bai taɓa fin ƙarfin siyasa ba. Ya yi tangal-tangal bayan murƙushe masu zanga-zangar Tiananmen a 1989, da kuma lokacin da jiragen Amurka suka jefa bam a ofishin jakadancin Sin da ke Belgrade a 1999, sannan a 2020, a tsakiyar rikicin ciniki da annobar korona, aka rufe ƙaramin ofishin jakadancin Sin na Houston da na Amurka a Chengdu, aka kuma dakatar da shirin musayar malamai na Fulbright. Zuwa zangon 2023 zuwa 2024 ɗaliban Sin a Amurka sun ragu zuwa kimanin 277,000, har Indiyawa suka sha gabansu. Shugaba Xi Jinping, wanda ya taɓa kwana a gidan wasu iyalai a garin Muscatine na jihar Iowa a 1985 yana ƙaramin jami'i mai nazarin noma, ya faɗa a San Francisco a watan Nuwamba na 2023 cewa ƙasarsa za ta gayyaci matasan Amurka 50,000 cikin shekara biyar. A watan Oktoba na 2024 wasu panda biyu sun sake sauka a Washington, sai dai waɗannan, saɓanin na 1972 da aka bayar kyauta, aro ne na shekara goma, kuma gidan namun dajin yana biyan dala miliyan 1 a kowace shekara.