Murza ƙarfe maimakon sassaƙa shi: yadda masana'antu ke rage kashe kuɗi

A masana'antun ƙera rokoki da jiragen sama, kuɗi mai yawa yana salwanta ne a ƙarfen da ake zubarwa.

Alal misali, tankin mai na kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wanda aka daina amfani da shi a 2011, ana haɗa shi ne daga fallayen alminiyam masu kauri. Injuna kan sassaƙe kusan kashi 90 cikin 100 na kowane falle, kana a lanƙwasa abin da ya rage a yi masa walda.

Domin kauce wa irin wannan asara ne injiniyoyi ke amfani da dabarar miƙa ƙarfe ta hanyar murzawa.

Akan zura gajeren bututu mai kauri a jikin wata sandar ƙarfe mai juyawa. Sai wasu tayoyin ƙarfe, galibi guda uku, su matse shi suna tafiya a hankali. Kamar yadda ƙullin fulawa ke bajewa idan an murza shi, haka jikin bututun ke sirancewa, tsawonsa na ƙaruwa.

Ribar ta fuska uku ce. Da farko, kusan dukkan ƙarfen da aka saya yana shiga cikin kayan. Na biyu, bututun kan fito ba tare da ɗinkin walda a tsawonsa ba, don haka aikin binciken tsagewa ya ragu. Na uku, murzawar kan ƙara wa ƙarfe tauri, saboda haka ana iya rage kaurinsa da nauyinsa.

Da wannan dabara kamfanin MT Aerospace da ke Augsburg a Jamus ya riƙa ƙera gangar rokokin taimako na Ariane 5, wadda ta yi tashinta na ƙarshe a 2023. Ita ma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wani bututun alminiyam da aka murza a jikin wata ƙaramar roka a 2015. Haka nan ana ƙera wilin motoci marasa nauyi ta wannan hanya.

To sai dai injunan suna da tsadar gaske, kuma kayan da ke da siffar bututu kaɗai suke iya yi. Saboda haka ribar ta fi fitowa ne inda ƙarfen ke da tsada, ko kuma inda ake ƙera kaya iri ɗaya masu ɗimbin yawa.