Allurar rage ƙiba ta intanet: wane ne likitan da ke bayan wayar?

A shekarar 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da allurar Wegovy don rage ƙiba. Sinadarin da ke cikinta, semaglutide na kamfanin Novo Nordisk, shi ne ake bai wa masu ciwon suga tun 2017 da sunan Ozempic. A 2023 kamfanin Eli Lilly ya biyo baya da Zepbound. Magungunan suna kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, su dakushe yunwa, su kuma jinkirta fitar abinci daga ciki. A babban gwajin da aka yi wa semaglutide, mutane sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a makonni 68.

Da jama'a suka yi rububi, sai kamfanonin ganin likita daga nesa suka cika kasuwa a Amurka: ka cike fom a waya, ka biya, a aiko maka da allura har gida. Tallan irin wannan ciniki ya iso wayoyinmu ta Instagram da TikTok, shi ya sa na ga ya dace mu san yadda ake tantancewa.

Ba na adawa da ganin likita ta waya. Ga wanda asibiti ya yi wa nisa, ko kunya ke hana shi zancen jikinsa, wannan sauƙi ne babba. Sai dai a nawa ma'aunin, shirin da za a amince da shi shi ne wanda zai iya ce wa mai kuɗi a hannu a'a. An tanadi maganin ne ga wanda ma'aunin BMI ɗinsa ya kai 30 (misali mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 87), ko 27 idan akwai larura kamar hawan jini ko ciwon suga. Amaryar da ke son zubar da kilo huɗu kafin biki ba ta cikin wannan lissafi, kuma duk shafin da ya karɓi kuɗinta ya riga ya tona wa kansa asiri.

Likitan gaske yana da suna da lasisi. A Amurka sai yana da lasisin jihar da majinyaci yake zaune. A Najeriya kuwa hukumar MDCN ce ke rajistar likitoci. Zai kuma yi tambayoyi masu gajiyarwa. Shin a danginku an taɓa samun wani nau'in kansar tayirod da ke wuya? Ka taɓa yin kumburin fankiriyas ko tsakuwar matsarmama? Kina da juna biyu, ko kina shirin ɗauka? Ita mai shirin, ana so ta daina allurar aƙalla wata biyu kafin nan. Wanda ke amfani da insulin kuma sai an sake duba adadinsa, don kada suga ya faɗi.

Sai batun inda maganin ya fito, kuma a nan ne hatsarin ya fi yawa. Lokacin da allurar ta yi ƙaranci a Amurka, doka ta ƙyale wasu kantunan magani su harhaɗa nasu, wanda FDA ba ta tantance ingancinsa kafin a sayar. A watan Yulin 2024 hukumar ta yi gargaɗi cewa wasu masu zuƙo maganin daga kwalba da sirinji sun yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na abin da aka rubuta, har aka kwantar da wasu a asibiti. Wata guda kafin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da gano jabun Ozempic a Brazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya ratsa ƙasashe masu tsauraran matakai irin waɗannan, ina ga kwalin da ɗan aike ya kawo a kan babur? Mai saye ya nemi sunan kantin maganin da lasisinsa, ya duba rajistar NAFDAC, ya kuma tambayi yadda aka adana allurar, domin tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Mun dai san halin wutar lantarkinmu.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne tsawon tafiyar. Wegovy ana fara ta da miligiram 0.25 a mako, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu har zuwa 2.4, saboda tashin zuciya da amai da gudawa. Amai mai yawa yana ƙarar da ruwan jiki, ya taɓa ƙoda, kuma mai azumi a lokacin zafi yana cikin wannan hatsari sosai. Don haka ina ganin wajibi ne a san tun farko wa za a kira idan ciki ya murɗa da tsakar dare, da asibitin da shirin zai tura mutum. A kuma lissafa kuɗin watanni masu yawa, domin waɗanda suka daina allurar bayan gwajin da na ambata sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar a cikin shekara guda.