Allurar Maganin Kumburin Jijiyoyin Ƙafa

Watakila ka taɓa ganin mutum ya naɗe wando zai wanke ƙafa, ka ga jijiyoyi sun taso a sha-raɓarsa, sun murɗe kamar igiya. In ka tambaye shi, sai ya ce da yamma ƙafar takan yi masa nauyi, ta kumbura, ta riƙa ƙaiƙayi. Mutane da yawa ba su ɗauki wannan a bakin kome ba. Amma in aka bar shi shekara da shekaru, fatar wajen idon sawu takan yi baƙi, har gyambo ya fito mai wuyar warkewa, ya hana mutum neman abinci.

Abin da ke kawo shi

A shekarar 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana cewa jini kewaya jiki ya ke yi. Waɗansu jijiyoyi na kai shi daga zuciya zuwa gaɓoɓi, waɗansu kuwa na komo da shi. To, jinin da ya sauka ƙafa dole ya hau sama kafin ya koma zuciya. In kana tafiya, tsokar sha-raɓa takan matse jijiyoyi, ta tura shi sama. Cikin jijiyoyin nan kuma akwai 'yan ƙyamare masu buɗewa waje guda kaɗai: jini ya wuce, su rufe. In suka lalace, sai jini ya riƙa gangarowa, ya taru, jijiyar ta buɗe, ta murɗe. Gado na kawo wannan, da tsufa, da ƙiba, da yawan tsayuwa wuri ɗaya. Mata kuwa sukan same shi sa'ad da su ke da ciki.

Yadda allurar ke aiki

Kada ka zaci allurar nan buɗe jijiya ta ke yi. Rufe ta ta ke yi. Ka san in magudanar ruwa ta fashe a lambu, mai lambu yakan toshe ta, ya juya ruwan ta wata. Haka nan likita ke yi. Da fari yakan duba ƙafar da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, don ya tabbata manyan jijiyoyin da ke can cikin tsoka lafiya su ke. Sa'an nan ya zuba magani cikin jijiyar da ta lalace da siririyar allura. Maganin yakan ƙona cikinta, bangonta ya manne, a hankali ta ƙanƙance ta ɓace. Jinin kuwa ya bi lafiyayyun hanyoyi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Likitocin Faransa sun gwada ta tun 1853, amma magungunan zamanin suna da zafi ƙwarai. A 1963 wani likita a birnin Dublin, George Fegan, ya nuna amfanin ɗaure ƙafa tamau bayan allura. A 2000 Lorenzo Tessari na Italiya ya nuna yadda za a kaɗa maganin da iska cikin sirinji biyu har ya zama kumfa. Kumfa takan ture jini, ta daɗe manne da bangon jijiya, saboda haka ta fi ruwa aiki ga manyan jijiyoyi.

Bayan allura

Ba yanka, ba ɗinki, ba a sa mutum barci. Ran nan zai koma gida da ƙafarsa. Likita zai ba shi safa mai matsewa, ya umurce shi ya riƙa tafiya kullum. Wani sai an yi masa sau biyu ko uku. Wurin yakan yi tauri ko duhu na ɗan lokaci, kuma bayan shekaru wata jijiyar tana iya tasowa. In ƙafar ta kumbura da ciwo mai tsanani, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan da nan, gama watakila jini ne ya daskare.

Gargaɗi

Ba kowane ciwon ƙafa allurar nan ke magani ba. In ƙafarka na sanyi, tana ciwo in ka yi tafiya, ta bari in ka tsaya, watakila jijiyoyin da ke kawo jini ne suka ƙuntata. Wannan ya fi samun masu shan taba da masu ciwon sukari. Allura ba ta amfanin irinsa, safa mai matsewa kuwa tana iya ɓata ƙafar. Ba a kuma yi wa mace mai ciki, ko wanda ke kwance ba ya iya tafiya.

Saboda haka kada ka miƙa ƙafarka ga mai yawo da allura a kasuwa. Maganin nan in ya kuskure jijiya, yakan ci nama. Tafi wurin likita tun fata ba ta fashe ba. Kafin nan, yawaita tafiya, in ka kwanta kuma ka ɗora ƙafarka bisa matashi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.