Yaro a cikin mota: amfanin kujerar ɗagawa a hanyar Nguru zuwa Gashua

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, zai ga yadda muke tafiya da yara a mota. Wani yana cinyar mahaifiyarsa a gidan gaba, wani yana tsaye tsakanin kujeru ya dafa kafaɗar direba, wani kuma ya leƙo da kai ta taga yana shan iska. Ga hanyar Nguru zuwa Gashua miƙaƙƙiya, mai sa direba sakin ƙafa, ga dabbobi suna faɗowa titi ba sallama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 kacal a awa, bugun da na ciki zai sha daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido nauyin yaro kan ninka sau da yawa, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi, komai ƙaunarta.

To, sai a ɗaura masa bel? Nan ne mutane da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, da jikin babban mutum aka auna shi. A jikin babba, igiyar ƙasa tana kwanciya a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma tana bi ta tsakiyar kafaɗa, wato wuraren da ƙashi ke iya ɗaukar bugu. Zaunar da ɗan shekara shida ka duba da kyau. Ƙafafunsa ba su kai su lanƙwashe a bakin kujera ba, sai ya zame gaba, igiyar ƙasa ta hau kan tumbinsa, ta sama ta goge masa wuya. Da ta dame shi sai ya tura ta bayansa ko ƙarƙashin hammata. Idan aka yi karo a haka, bel ɗin kan nutse cikin ciki ya ji wa hanji ko hanta ko ƙashin baya rauni.

Aikin kujerar ɗagawa ke nan: ta ƙara wa yaro tsawo har bel ya sauka inda ya dace. Wata matashi ce kawai mai tauri da ƙugiyoyi a gefe inda igiyar ƙasa ke ratsawa, wata kuma tana da majingini mai tallafar kai. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna tana rage haɗarin rauni da kashi 45 cikin ɗari ga 'yan shekara 4 zuwa 8, idan aka gwada da waɗanda aka ɗaura wa bel kaɗai.

Amma sai an yi amfani da ita daidai. A ajiye ta a gidan baya, domin jakar iskar da ke gaba tana fashewa da ƙarfin da zai iya halaka ƙaramin yaro, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin kada a sa ɗan ƙasa da shekara 12 a gaba. Tana buƙatar bel mai igiya biyu, ta ƙugu kaɗai ba ta wadatar ba. Filon gado ba ya maye gurbinta, domin yana lotsewa ya zame. Jariri da ɗan yaye kuwa tasu kujerar daban ce, mai ɗamarar kanta. Yaro yana barin kujerar ɗagawa ne idan tsawonsa ya kai wajen santimita 145, ya zauna bayansa manne da majingini, gwiwarsa ta lanƙwashe a bakin kujera ba tare da ya zame ba. Wanda zai sayi ta hannu ya duba tsagewa, ya guji wadda aka taɓa yin haɗari da ita.

Na san yawancin mutanenmu motar haya suke shiga, inda ake cunkusa fasinja har bel ɗin ma ya ɓace a cikin kujera. Ko a nan akwai abin yi: yaro ya zauna a baya, kuma kada a taɓa haɗa babba da yaro a bel ɗaya, domin nauyin babban ne zai matse shi. Shi kuwa mai motar kansa, wanda ke iya cika tanki ya kai iyali biki Kano ko Damaturu, ba ni ganin yana da uzuri. Ina kira gare shi ya nemi kujerar nan kafin tafiyar sallah mai zuwa, ya ɗaura wa yaron bel da hannunsa, ya tabbata igiyar tana kan cinya da kafaɗa kafin ya tayar da mota.