Kafin Ka Zargi Kafireto: Yadda Ake Gano Matsalar Mai a Tsohuwar Fijo da Aka Yi wa Sauyi

A sashenmu na injiniyan kanikanci ana koya mana injinan zamani, masu feshin mai da kwamfuta. Amma wanda ya je aikin sanin makama a gareji ya san har yanzu akwai motoci masu kafireto a kan titi, kuma babbar cikinsu ita ce Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975. Matsalar ita ce, da wuya ka samu wadda take yadda ta fito daga kamfani. Wani ya cire kafireton Solex ya ɗora Weber 32/36, wani ya sa famfon mai na lantarki, wani ya sauya salansa. In irin wannan motar ta fara tari, sai kowa ya ce "kafireto ne". Ni kuwa abin da nake so in nuna shi ne, kafireto shi ne na ƙarshe da ya kamata a kwance.

Mu fara da aikinsa. In fistin ya sauka yana zuƙo iska, iskar kan bi ta wani matsattsen maƙogwaro a cikin kafireto. A wurin nan gudunta yana ƙaruwa, matsinta ya ragu, sai ta jawo fetur daga ɗan kwanon da ke gefe ta wata 'yar kafa da ake kira jet. Don fetur ya ƙone sarai, ana bukatar kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Duk wata cuta ta kafireto a ɗayan biyu take: ko mai ya yi yawa, ko ya yi kaɗan. Kafireto kuma ba shi da ƙwaƙwalwa. Abin da aka ba shi, da shi yake aiki. In mai bai iso da kyau ba, ko iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ko wuta ba ta da ƙarfi, alamar za ta fito kamar laifinsa ne.

Shi ya sa nake farawa da wuta. Filogi da ya gaji, kwantak da ya ci, kwel mai rauni, ko taimin da ya goce, duk suna sa mota ta yi gardama da harbi kamar mai matsalar fetur. A duba tartsatsin filogi, a tabbata wayoyin suna bisa tsarin 1-3-4-2, a saita taimin. In ka taɓa sukurorin kafireto alhali taimin a karkace yake, ka ƙara wa kanka aiki ne kawai.

Tunda an ciro filogin, sai a karanta shi. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, haɗin mai da iska daidai ne. In ya yi baƙi da busasshiyar toka, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari domin zafinsa yana iya ƙona bawul ko ya huda fistin. Baƙi mai danshi da maiƙo kuwa baƙin mai ne ke haurowa, wannan maganar ringi ce ko bawul, ba ruwan kafireto. Haka hayaƙi: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai.

Mataki na biyu, shin man yana isowa? A bi hanyar daga tanki. Tankin da ya haura shekara talatin ba ya rasa tsatsa, tsatsar kuma takan toshe matatar mai. Alamarta sananniya ce: mota tana silo lafiya lau, tana yawo cikin gari, amma da ka hau babban titi ko tudu sai ta shaƙe, in ka tsaya minti biyu ta dawo daidai. Kwanon kafireto ne ke ƙarewa kafin famfo ya cika shi. Murfin tankin da kafar iskarsa ta toshe ma yana yin haka. In ka buɗe murfin ka ji iska ta ruga ciki, motar kuma ta warware, ka gano mai laifi.

Nan ne motar da aka yi wa sauyi take da tarko. Kafireto irin Weber yana son mai a hankali, matsin da bai wuce kusan bar 0.2 ba. Famfon motar zamani mai feshi yana turo kusan bar 3, wato fiye da ninki goma. In aka ɗauko irin wannan famfon daga kasuwar gwanjo aka ɗaura, ƙarfinsa zai danne allurar da ke rufe mai, kwano ya cika ya tumbatsa. Sai ka ji warin fetur, baƙin hayaƙi, mota ta ƙi tashi in ta yi zafi. Ko ka sauya jet sau goma ba za ta gyaru ba. Maganin shi ne famfo mai ƙaramin matsi, ko a sa na'urar daidaita matsi, a kuma auna da geji, ba da ido ba.

Akwai kuma zafin rana. A watan Afrilu, in tiyon mai ya bi kusa da manifol ɗin hayaƙi, fetur yana iya tafasa a ciki ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Motar da ke mutuwa a cunkoso da tsakar rana, ta tashi da kanta bayan ta huce, a duba inda tiyonta ya bi. Sau da yawa lokacin sauya salansa ko kafireto ne aka matsar da shi.

Mataki na uku, iska. In an sa farantin haɗi don ɗora Weber a kan manifol ɗin Solex, kowane haɗi wuri ne da iska za ta iya sata. Iskar da ta shiga ƙasa da kafireto ba ta ɗauko mai ba, don haka haɗin zai tsinke. Silo ya riƙa hawa da sauka, ko motar ta ƙi tsayawa sai an ja cok. Gwajin mai sauƙi ne: injin yana silo, a fesa ɗan maganin wanke kafireto a gindinsa da bakin ƙananan tiyo. Inda ƙarar injin ta canza, nan ne ɓarakar. A ɗaya ɓangaren, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana shaƙe injin ta sa ya sha mai.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kan kafireton kansa, kuma motar da kanta za ta gaya maka ɓangaren da za ka duba, in ka lura da lokacin da take gardama. In a silo ne da ƙaramin totur, jet ɗin silo ne, wanda kafarsa ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe. In ka taka totur farat ɗaya ta yi shiru kafin ta amsa, ɗan famfon da ke watsa mai ne. A kashe injin, a leƙa maƙogwaro, a motsa totur, ya kamata a ga mai ya fito kamar allura. In a babban gudu ne, babban jet ne ko tsayin fulot. Shi 32/36 maƙogwaro biyu gare shi, na milimita 32 da na 36, kuma na biyun ba ya buɗewa sai totur ya yi nisa. Tangarɗar da ke zuwa daidai wannan lokacin, daga ɓangaren na biyu take.

Lambar da ke jikin jet faɗin kafarsa ce: 140 na nufin milimita 1.40. Don haka wanda ya soka waya a ciki wai yana wankewa, ya sauya lambar ba tare da ya sani ba. Da iska ake busa jet. Kuma a tuna, lambobin littafin Fijo na injin da ba a taɓa ba ne. Da zarar an sauya kafireto ko salansa, sai dai gwaji. Ko wuri ma yana da tasiri: Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas nauyi ba, motar da aka saita a bakin teku za ta ɗan ƙara shan mai a can.

Ƙa'idar da nake bi a gwajin ita ce, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Injin ya yi zafi tukuna, a sauya abu guda, a rubuta a takarda, a zaga da motar, a sake duba filogi. Wanda ya juya sukuru uku ya sauya jet biyu a zama ɗaya, ko motar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa kuma bai san hanyar komawa ba.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, motar da ke zubar da fetur ta salansa aljihun mai ita take ci kullum. Amma asarar kuɗi ƙarama ce a kan gobara. Kada a leƙa maƙogwaron kafireto injin yana aiki, domin yana iya amayo wuta. Kada a tsiyaya fetur a ciki ana tayarwa. Tsohon tiyo da ya tsattsage a sauya shi, a ɗaure da kilif, a kuma ajiye abin kashe wuta kusa kafin a fara.

'Yan uwa masu shirin zuwa gareji wannan zangon, in oga ya ce ku kwance kafireto, ku nemi izini cikin ladabi ku fara duba filogi da matatar mai. Aikin minti goma ne. Tsarin nan kuma ba na Fijo kaɗai ba ne. Janareton ɗakin kwananku da babur ɗin da ya kawo ku makaranta, da shi za ku gano ciwonsu.