Kariya: Itaciyar Da Ruwa Ke Kashewa, Ba Ƙishi Ba

Duk wanda ya saba ratsa ƙauyukan ƙasar Hausa da rani ya san wata 'yar itaciya mai ƙaton gindi da gajerun rassa, wadda kan cika da jajayen furanni masu hasken fari a tsakiya, daidai lokacin da ciyawa ta bushe, itatuwa suka kaɗe. Wannan ita ce kariya. A yau ta shiga birni, ana sayar da ita cikin tukwane don ƙawata gidaje, sai dai da yawa daga masu sayenta ba su cika shekara da ita. Kuma galibi yawan ban-ruwa ne ajalinta.

Asali da Suna

Masana ilmin tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kuma dangi ɗaya suke da tumfafiya. Tana fitowa da kanta tun daga Senegal, ta bi yankin Sahel har Sudan da Gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Wani masani mai suna Peter Forsskal ne ya bayyana siffarta bayan ya gan ta a Yaman, aka buga bayanin a 1775, shekara 12 bayan rasuwarsa. Sunan Adenium kuwa, wanda aka ba ta a 1819, daga sunan Aden aka samo shi.

Sirrin Jure Fari

Dabara biyu kariya take da su. Ta farko, kumburarren gindinta da saiwoyinta rumbu ne na ruwa, wanda take cikawa da damina ta riƙa ci da rani. Ta biyu, ta kan zubar da ganye. Kowane ganye yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ta nan ne ruwan jikin tsiro ke fita ya bi iska. Idan ganye ya zube, an toshe hanyar asara ke nan.

Wannan baiwa ita ce kuma rauninta. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Idan ƙasa ta daɗe a jiƙe, ruwa kan kore iskar da ke cikinta, saiwoyi su mutu, funfuna ta samu ƙofar shiga. Kafin mai ita ya farga, gindin ya ruɓe daga ciki.

Shuka da Dashe

Ana samun kariya ta iri ko ta reshe. Irin yana cikin kwanso biyu masu kama da ƙaho, kuma kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi, wanda iska ke ɗaukarta da shi. Sabon iri kan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma shi ya fi ba da ƙaton gindin nan da ake so. Reshe ya fi saurin fure, amma gindinsa ba ya saurin kumbura. Idan an yanki reshe, a ajiye shi a inuwa kwana uku ko huɗu bakin ya bushe, sa'an nan a dasa.

Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi ta roba, domin tana tsane laima. A haɗa rairayi mai tsakuwa kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A bar saman gindin a waje, a kuma ajiye tukunyar inda rana za ta same ta aƙalla awa shida, don kariyar inuwa ba ta yin furen kirki.

Ban-ruwa

Ƙa'idar ɗaya ce: kada a ƙara ruwa sai ƙasa ta bushe. A tura yatsa cikin tukunya, in an ji danshi a dakata. Da bazara za ta iya shan ruwa sau ɗaya ko biyu a mako. A watan Agusta, lokacin marka, a matsar da ita ƙarƙashin rumfa. Da hunturu kuwa hutawa take yi, zubar ganyenta ba ciwo ba ne, ruwa kaɗan bayan mako biyu ko uku ya ishe ta. Sanyin da ya gaza digiri 10 yana cutar da ita, musamman in ƙasarta a jiƙe take.

Gindi shi ne ma'auni. In ya yi tauri, lafiya lau. In ya ɗan yanƙwane ƙasa kuma a bushe, ƙishi ne. In ya yi laushi ƙasa a jiƙe, ruɓa ce: a tumɓuke ta, a yanke wurin da wuƙa mai tsabta, a shanya ta a inuwa mako guda, a mai da ita sabuwar ƙasa.

Gargaɗi

Dukkan jikin kariya dafi ne. Ruwanta yana ɗauke da sinadarai masu rikita bugun zuciya, shi ya sa maharba a sassan Afirka suka daɗe suna dafa kibiya da shi, masunta kuma suna kashe kifi. Saboda haka a nisanta ta da yara da awaki, a kiyaye ido lokacin yanka, a wanke hannu da sabulu. Wanda ya ci wani ɓangarenta a gaggauta kai shi asibiti.

A garuruwanmu da ake sayen ruwa jarka-jarka, furen da ruwa kaɗan ke riƙewa abin so ne. Mai kariya dai ya ba ta rana, ya kuma riƙe hannunsa daga buta.