Aji a Saman Bene: Nazari Kan Koren Rufi a Makarantun New York

Koren rufi shi ne saman ginin da aka shimfiɗa wa abin hana yoyo, aka tsara masa hanyar tsiyayar ruwa, sannan aka zuba ƙasa marar nauyi aka dasa tsirrai masu jure fari, irin su sedum, wani ɗan tsiro mai kaurin ganye da ke adana ruwa. A birnin New York na Amurka wasu makarantun gwamnati sun mayar da irin wannan rufi wurin karatu, kamar firamaren PS 41 da ke Greenwich Village, wadda ta buɗe nata a 2012.

Matsalolin birnin ne suka haifar da wannan sauyi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na magudanan birnin suna haɗa ruwan sama da ƙazantar gidaje a bututu ɗaya, saboda haka idan aka tafka ruwa sai su cika su amayar da dagwalo cikin koguna. Ga kuma baƙin rufin kwalta da ke tara zafin rana yana sakinsa da dare. Ƙasar koren rufi kuwa tana riƙe wani kaso na ruwan, ganyen kuma yana sanyaya iska. Ganin haka ne majalisar birnin ta kafa dokoki masu lamba 92 da 94 a 2019, waɗanda suka wajabta wa galibin sababbin gine-gine koren rufi ko farantan sola.

Babban amfanin ga ɗalibi yana cikin awo, domin yaron da ya ɗora ma'aunin zafi a kan kwalta, ya sake ɗora shi a tsakanin tsirrai, ya kuma auna ruwan da kowane ɓangare ya zubar bayan an ɗauke ruwa, ya ga da idonsa abin da littafi ke kira ɗumamar birane, wato yadda gari ke fin ƙauyukan kewayensa zafi. Wannan ilimi ya fi haddar darasi zama a ƙwaƙwalwa, musamman ga yaran da ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Sai dai aikin yana da tsada. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi, tsofaffin gine-gine da yawa ba za su ɗauke ta ba sai injiniya ya duba an ƙarfafa su, kuma dogon hutu yana faɗowa ne a Yuli da Agusta, lokacin da shuka ta fi buƙatar ban-ruwa alhali makaranta a rufe take. Abin da ya fi damun mai nazari shi ne rabon: wani bincike da ya yi amfani da hotunan sama na 2016 ya ƙirga koren rufi 736 kacal a birni mai gine-gine kimanin miliyan ɗaya, fiye da rabinsu a yankin Manhattan. Unguwannin talakawa irin su Hunts Point da Brownsville, inda zafi ya fi yi wa jama'a illa, su ne iyayen yaransu ba su da halin tara gudummawar da ake fara irin wannan aiki da ita.